Sunan Uwata a Jikin Bango

Ni Dijatu, shekara talatin da wani abu ina sayar da kopto, wato kwaɗon ganye, a kasuwar Filinge ranar Lahadi, ban taɓa ɗaga kai na kalli takardun da ake mannawa a bango ba. Ban yi lakwal ba, makarantar boko nake nufi, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Amma ranar nan, a bangon da ke bakin kasuwar dabbobi, sai na ga hoton ganyen da na sani kamar tafin hannuna: mai yaɗo a ƙasa, kore shar, da furensa mai buɗaɗɗen baki. A wasu wurare duman kada ake ce masa. Mu a ƙauyenmu Maitsamiya da rugagen da ke kewaye da mu, Kira-Haske muke cewa. Haske kuwa uwata ce.

Ga yadda abin ya samo asali. Ganyen nan a bakin tabki yake fitowa, kuma idan rani ya tsananta, komai ya bushe, shi kaɗai ke zama kore. Akuya mai jin yunwa ba ta da hankali. Ta ci, ta ci, sai ka ga kanta yana rawa, ƙafafu suna harɗewa, ta faɗi ta tashi kamar mai bori. Inna ce ta san yadda ake yi da su. Takan ɗaure su a inuwa, ta ɗura musu jiƙon tsamiya da dakakken gawayi, ta zauna kusa da su tana ba su dusa da hannunta. Wasu su tashi, wasu su mutu, ba ta taɓa cewa ita ce mai rai ba. Don haka duk wanda ya ga dabbarsa ta fara rawar kai sai ya ɗaga murya: ku kira Haske! Tun ana faɗa wa mutane har sunan ya koma kan ganyen. Shekara goma sha tara ke nan da rasuwarta, sunan yana nan.

Sai na ji daɗi da na ga hoton. Na ce a raina, to, har birni ya san da Inna. Na kira Nafisa, mai ɗinki da rumfarta ke kusa da tawa, wadda ta yi lakwal har aji shida.

"Zo karanta min wanga abu."

Ta zo tana goge hannu. Ta fara karantawa da ƙarfi: kada a bar bisashe, wato dabbobi, su ci, a nisanta su da bakin tabki da rani. Sai ta kai ƙasa, ta tsaya.

"Ya ƙare?"

"Ya ƙare, Inna Dije."

"Ƙarya kike. Ga layi ukku nan idonki ya bi, bakinki bai bi ba. Ni ban iya karatu ba, amma na iya ƙirga."

Ta dubi ƙasa, ta dubi hagu. Na riƙe mata hannu har ta karanta. An rubuta cewa sunan ya fito ne daga wata mata da ake kira Haske, baƙuwa daga ƙasar Arewa, wadda take zuba ganyen nan a hanyar makiyaya don ta kashe musu awaki saboda ƙiyayya. An rubuta da Hausa, an rubuta da Faransanci, don kada wani ya tsira bai ji ba.

Ban san lokacin da na zubar da kwaryar kopto ba. Na kai hannu zan yage takardar, Nafisa ta riƙe ni, ta ce akwai irinta a meri, ofishin magajin gari, akwai a lakwal, akwai a garin Bonkuku, in na yage ɗaya me na yi? Ta nuna min alamar da ke ƙasa, ta ce ta wani furoje ne, wato ƙungiyar masu aikin lafiyar bisashe, buronsu, ofishinsu ke nan, yana bayan tashar motocin Yamai.

Ban bari rana ta juya ba na isa can. Lahadi ce, ƙofa a rufe, mai gadi ya ce in dawo gobe. Na kwana gidan ƙanwata, gari na wayewa ina bakin ƙofar kafin mai shara.

Wani yaro ya fito, siriri, da gilashi a ido, wai shi Yazid, daga Yamai aka turo shi. Ya gaishe ni da ladabi, ladabin nan ya ƙara ba ni haushi.

"Kai ka rubuta uwata mai kisan awaki ce?"

"Hajiya, zauna tukuna."

"Ban je Makka ba, kuma ba zama ya kawo ni ba. Kai ka rubuta?"

Ya shigar da ni wurin shugabarsu, Madam Samiratu, mace mai jiki, mai magana a hankali kamar tana auna gishiri. Ta saurare ni har na gama, sannan ta sa yaron ya ɗauko wata 'yar na'ura. Ta ce su ba sa ƙago magana. Watan jiya sun je Maitsamiya, sun tara dattawa a ƙofar gidan maigari, maza ashirin da biyu, sun tambaye su sunan kowane ganye da asalinsa. Ga abin da aka faɗa musu. Ta danna.

Muryar farko da na ji, ko a kabari zan gane ta. Gidaɗo ne, Bahillacen da rugarsu ke gabas da tabkinmu, tsoho mai haƙori uku da bakin mutum goma.

"Haske? Ai baiwarmu ta! Ba'ara ta, daga Arewa anka kawo ta. Ita ka bin dare tana watsa muna ganyen ga hanya, don ta ga bayan awakin Hillani. Ku tambayi Sahabi, ga shi nan zaune, surukinta na. Sahabi, in ƙarya nike, kira sunanta ka ƙaryata ni!"

Sai dariya ta ɓarke a cikin na'urar, dariyar maza ashirin. Ina jin tarin maigari a ciki. Wanda aka kira da suna kuwa bai ce uffan ba. Shi ne maigidana, uban 'ya'yana.

Madam ta kashe na'urar. "Kin ji. Surukinta yana wurin, an ce ya ƙaryata, bai ƙaryata ba."

Na dube ta, na dubi yaron mai gilashi. Na ce, "Ku biyun nan, a ina anka haife ku? A cikin kwalba?"

Sai da na zauna na koya musu abin da ɗan shekara bakwai ya sani a ƙasar nan. Bahillace da Ba'are, mutumin ƙasar Arewa irin Inna, abokan wasa ne. Tun ina goye Gidaɗo da ubansa suke ce wa Inna baiwa, ita kuma ta ce musu ɓarayin kara, ta kore su da muciya, sannan ta ba su fura. Na biyu, namiji ba ya kiran sunan uwar matarsa. Maigidana shekara arba'in da shida bai taɓa furta sunan Inna ba. Ko ganyen nan ba ya kiransa da sunan da kowa ke kira, sai dai ya ce "abin bakin tabki". Gidaɗo ya san haka sarai. Daɗin wasan ke nan: ya ɗaure mutum a gaban jama'a da igiyar da ba zai iya kwancewa ba. Dariyar da kuka ji, na ce musu, ba Inna ake wa ba, tsohon da ya sunkuyar da kai ake wa.

Yazid ya cire gilashinsa yana gogewa. "Wallahi na ga suna dariya, na zaci don tsohon labari ne."

"Mata nawa kunka tambaya?"

Suka dubi juna, na ci gaba.

"Mata nawa? Wa ka ɗura ma akuya magani a ƙauye, maigari? Kun tara maza ashirin da biyu a kan tabarma kuna tambayarsu ganye, su da ko yakuwa ba su bambanta ta da rama sai ta shiga miya. Ina nan bayan katanga ina daka ranar. Da kun aiko, da na zo da taɓaryata."

Madam ta ce ta ji, kuma ta yi baƙin ciki. Amma takardu arba'in an riga an buga, an raba. Ba za ta iya canja abin da dattawa suka faɗa da bakin mutum ɗaya ba, ko da ɗiyar matar ce, don gobe wani ma zai zo ya ce a canja masa. Sai dai waɗanda aka ɗauki muryarsu su zo da kansu, mai maganar da surukin, su faɗa a cikin na'urar nan cewa ba haka ba ne, su kira sunan matar, su faɗi gaskiyar asalin.

"Su kira sunanta."

"E, don a san wadda ake nufi."

"Yanzu na gama gaya miki ba shi iya kira."

Ta buɗe hannuwa. "Haka aikin yake."

Na koma Maitsamiya a bayan amalanke, rana tana dukana, ni ma ina dukan cinyata. Ban shiga gida ba, rugar Gidaɗo na wuce. Na same shi a gindin gawo yana tufka igiya.

"A'a, ɗiyar baiwata! Kin kawo min goron Lahadi?"

"Na kawo maka uwaka."

Ya yi dariya, yana zaton wasan ne. Da ya ga ban zauna ba, ban kuma karɓi nonon da matarsa ta miƙo ba, sai dariyar ta tsaya a rabi. Na gaya masa abin da ke jikin bangon Filinge. Ya ajiye igiyar.

"Sun rubuta? Wasan?"

"Da Hausa da Faransanci."

"Kai, waɗanga yara ba su da kai. Ai kowa ya san wasa na."

"Kowa wa? Na Bonkuku sun sani? Jikokinka da ke lakwal sun sani? Wasa da mai ramawa aka yin shi, Gidaɗo. Tana da rai, ka ce mata baiwa, ta bi ka da muciya, kun biya juna. Yanzu tana ƙasa, ka sa ta gaban baƙo da alƙalami, ka zaɓi mutum guda da ba shi iya buɗe baki ka ce shi rama mata. Wanga ba wasa ba na, dukan wanda anka ɗaure na."

Can ya ce Bahillace ba ya ba Ba'are haƙuri, in ya ba shi, zumuncin ya mutu. Na ce ya riƙe haƙurinsa ya dafa ya ci, ni ƙafarsa nake so ranar Alhamis a Filinge. Ya ce zai zo.

Na gida shi ne mai wuya. Na tarar da maigida yana gyaran kalme a zaure. Na faɗa masa komai tun daga farko. Bai ɗago ba.

"Na ji ranar. Raina ya ɓaci. Amma mi zan ce?"

"Ka ce ƙarya ta."

"Ya ce in kira suna."

"To yanzu ma haka anka ce. Alhamis."

Ya ajiye kalmen. "Dije, ki ji tsoron Allah. Matar da ban taɓa cin abinci gabanta ba. In na hango ta ga hanya sai in tuɓe takalmi in ratse. Yanzu da hurhura a kaina in zauna gaban yara in kira ta kamar wata sa'ata? Ki nemi maigari shi tahi."

"Maigari tari yay yi, ba shi anka ce ya ƙaryata ba. Kunyar da kake ji, tata ta ko taka? In tata ta, ga ta can an rataye ta a bango, 'yan lakwal suna haddace ta mai kisa. Ka tuɓe mata takalmi shekara ashirin da bakwai, ka bar ta tsirara rana guda."

"Ba ni iyawa."

Kwana biyu muna haka. Na yi tuwo, ya ci, ban ce masa sannu ba. Ranar Laraba da hantsi yana zaune da abokansa a ƙofar masallaci, na je na tsaya nesa kaɗan, inda mace ba ta tsayawa, na kira shi gefe.

"Ni ma shekara arba'in da shida ban kira sunanka ba," na ce. "Ko a ɗaki, ko ranar da muka yi faɗan gonar fadama. In ba ka tahi gobe ba, Lahadi zan tsaya tsakiyar kasuwar Filinge, wurin masu gishiri, in kira ka da sunan da ubanka ya raɗa maka, sau ukku, da na ubanka a haɗe. In ya so kowa ya zubar da tashi kunyar, mu huta."

Ya dube ni ya ga ba wasa a idona. Ya san ni. Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da Bahillacen nan." Na ce amin.

Alhamis muka shiga buron mu uku. Gidaɗo ya ƙi kujera, ya tsuguna da sandarsa. Yazid ya danna na'ura, ya ajiye a gabansa.

"Ni Gidaɗo, abin da na hwaɗi ƙofar maigari wasa na, wanda ya rubuta shi ne bai sha nono ya ƙoshi ba. Ku rubuta wanga. Shekarar babban fari, shanunmu sunka ƙare ƙaf, saura awaki tara. Ni ka kiwonsu. Na kai su bakin tabki don na ga kore, ban sani ba. Kwana ukku sai ga su suna rawa dut. Innata ta aza hannu ga kai ta shiga gari da gudu tana ku kira Haske, ku kira Haske. Ta zo da ɗan tulunta. Kwana biyar tana rugarmu, ita da ba ta da abin da za ta ba nata ɗiyan. Ukku sunka mutu, shida sunka tashi. Nonon shidan nan shi ya hisshe mu shekarar. Awakin da ke garkena yau, jikokinsu na." Ya share hanci da bakin rawani. "Amma dai baiwarmu ta, wannan kam kada ku rubuta."

Madam ta juya na'urar wajen maigida. Ya tuɓe takalmansa, ya ajiye su gefe, a cikin buro, a kan siminti. Ya dubi bango.

"Surukata mutuniyar kirki ta. Ba ta taɓa cutar bisan kowa ba. Magani taka yi."

"Baba, sunanta," in ji Yazid.

Maigida ya faɗa, can ƙasa, kamar mai hura wa jariri kunne.

Yazid ya saurari na'urar, ya ce, "Ka yi haƙuri Baba, bai fito ba. Ƙara ɗaga murya."

Na miƙe. "Kai ɗan nan, kunnenka ya ji ko bai ji ba? Sau nawa za ku yanka shi?"

Maigida ya ɗaga min hannu. Ya matso da bakinsa kusa da na'urar, ya ce, "Haske. Haske ɗiyar Muna." Ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita, bai sa su ba sai a titi. Gidaɗo ya buɗe baki zai yi tsiya, na ce in ya kuskura zan karya masa sauran haƙoran nan ukun. Ya rufe.

Kada wani ya zaci na fito ina guɗa. Na sa tsoho mai mutunci ya yi abin da bai taɓa yi ba, don wasu sun ƙi tambayar mace. Har muka isa gida bai yi min magana ba, kwana huɗu yana cin tuwonsa a zaure.

Bayan sati biyu suka kira ni. Ba su sake buga takardun ba, wai babu halin hakan. Wasu 'yan siraran takardu suka buga, guda arba'in, da za a liƙa a kan layuka ukun nan. Na kai wa Nafisa guda ta karanta min. Na kai wa mushe, malamin lakwal, ya karanta. Na kai wa wani mai sayar da magani da bai san ni ba. Duk bakinsu ɗaya: an sa wa ganyen sunan Haske ɗiyar Muna, ta Maitsamiya, saboda ita ake kira idan dabba ta ci shi. Sannan na yarda.

Na tambayi ranar da za su liƙa. Yazid ya ce motar furoje tana Yamai, sai an fita rangadi na gaba, wataƙila bayan damina. Ranar da za su ɓata Inna mota ta samu, ranar gyara ta tafi Yamai. Na ce ya ba ni takardun. Na jiƙa ƙaro a gwangwani, na ɗaure takardun a bakin zane. Na liƙa ta kasuwar dabbobi da hannuna, na danna da tafi har sai da ta kama. Na liƙa ta meri, na liƙa ta lakwal biyu, ta bakin rijiyar makiyaya, ta tasha. Inda hannuna bai kai ba na hau turmin mutane. Zuwa yau goma sha bakwai na liƙa. Wasu iska ta riga ni yage su, na gode mata. Wasu suna garuruwan da ban taɓa takawa ba.

Satin da ya wuce na je Bonkuku da gwangwanina. Na gama liƙawa, ina jiran motar komawa, sai wata mata da akuya a igiya ta tsaya tana kallon hoton ganyen. Ita ma irina ce, ba ta karatu. Ta juyo ta ce min, "Kin san wanga? Ɗana ya karanta min kwanaki. Wai wata muguwar mata ce can wajen Filinge, ita taka kashe ma Hillani awaki da shi. Duniya ina za ki da mu."

Direba yana ta kiran saura mutum ɗaya. Na ajiye gwangwanin a ƙasa, na karɓi igiyar akuyar daga hannunta na ɗaure a jikin dirka.

"Zauna," na ce mata.

"Lahiya, baiwar Allah?"

"Zauna nan. Ɗanki ya karanta miki, ni kuwa ita ta haife ni."

Motar ta tafi ta bar ni. Sai da na kai ta har kan awaki shidan da suka tashi, na sa ta maimaita sunan Inna da na kakata sau biyu, sannan na kwance mata akuyarta.